Nnewi, Inda Tsohon Babur Ke Samun Magani

Wanda duk ya ƙetare gadar Kwara a Anacha, ya yi kudu kamar mil 15, zai isa Nnewi ta Jihar Anambra, kuma ƙugin babura ne zai fara yi masa maraba. A nan har mata hawa suke yi, ga uwargida da kwandon cefane a baya tana ratsa ƙura ba ruwanta.

Cibiyar garin ita ce kasuwar Nkwo, wadda ta ci sunan ɗaya daga cikin ranaku huɗu na makon Ibo. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, fam 20 aka bai wa mai ajiya a banki komai yawan dukiyarsa. Mutanen Nnewi suka sake ɗaura ɗamara, suka kama cinikin kayan gyaran mota da na babur, na Japan da fari, daga baya na Taiwan, har kasuwar ta zama matattarar fatake daga ko'ina cikin ƙasa.

To, amma a gefen rumfunan, inda ƙasa ta yi baƙi da mai, akwai tsofaffin makanikai waɗanda ba su gaggawar aika yaro sayen kaya. Wurinsu ake kawo irin su Honda CD175, babur ɗin da aka daina ƙerawa tun 1979, wanda mai shi, manomi ne ko malamin makaranta mai ritaya, ba shi da halin sayen wani. Yawancin kukan kuwa na kuloci ne.

Ciwon iri biyu ne. Ko dai a murɗa totur inji ya yi ta ruri babur bai ƙara gudu ba, musamman a hawan tudu da kaya, wato kuloci na zamewa, ko kuwa a matse hannun kuloci amma giya ta shiga da ƙara, babur na jan jiki gaba. Bakanike yakan fara ne da taɓa hannun da yatsa. Wajibi ne ya yi wasa kamar milimita 10 zuwa 20 kafin waya ta ɗauka. In ta yi tsauri, faranti ba za su kama juna sosai ba. In ta saki da yawa, ba za su rabu ba. Sau da yawa noti guda ake juyawa da sifana, a ɗiga wa waya mai, shi ke nan.

Sai abin ya faskara ake zubar da baƙin mai a buɗe murfi. A ɗora farantan ƙarfe bisa gilashi, wanda ya karkace zai tona kansa. A auna sifirin, don mai gajiya yakan gajarce. Ramukan da suka cinye bakin kwandon kuloci a goge su da magagari, sannu a hankali. Sababbin faranti kuma sai sun sha mai kafin a ɗaura. Wani abin haushi shi ne man mota na zamani, wanda santsinsa kan sa lafiyayyen kuloci zamewa, mai babur ya yi ta zargin faranti a banza.

Da la'asar, bakanike kan hau babur ɗin ya nufi tudu mafi kusa, ya sa babbar giya ya murɗa, kunnensa na kan inji. Mai shi na tsaye a inuwa, hannu cikin aljihu, yana jiran jin kuɗin aiki.