Zaɓen Zango a Ƙasar Wasu

Kwanan hanya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin da fatake ke kai kanwa da fatu da tufafi Gwanja su komo da goro, kowane ayari yana da madugu mai shugabanci da jagaba mai wucewa gaba, kuma babban aikinsu shi ne sanin inda za a ya da zango. Sunan ya biyo mu har yau: akwai unguwar Zango a Damagaram inda aka haife ni, akwai zango a Kumasi, akwai Sabon Zango a Akara. Tsofaffin unguwarmu kan ce madugun kirki da jakin da ya fi gajiya yake auna tafiyar yini, kuma ba ya sauke kaya sai ya san inda ruwa yake, ya san ko wurin tudu ne ko kwari, ya san su wa za a kwana kusa da su. Wannan ma'auni na mafi rauni a cikin ayari shi ya yi mini jagora a wani al'amari na zamani, wato zaɓen wurin da zan kafa tanti da iyalina lokacin babban hutu, a ƙasar da ba tamu ba.

Shekaru da dama ke nan aiki ya zaunar da ni a Beljik, ni da uwargida da ƴaƴa uku. Makarantu a can suna rufewa daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a gida. Burin kowane uba shi ne ya kai yara su ga kakanninsu, amma kuɗin jirgi na mutum biyar ba abin kowace shekara ba ne, kuma a 2023, da aka dakatar da jiragen da ke tashi kai tsaye daga Paris zuwa Yamai, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Yarana sun tashi a bene hawa na huɗu. Ba su san shimfiɗa tabarma a tsakar gida ba, ba su san ɗebo ruwa ba, balle a tashi da safe a gai da maƙwabci kafin a karya kumallo. Wannan shi ya fi damuna. Na duba na ga wurin da ya fi kusa da irin wannan rayuwa a Turai shi ne abin da suke kira kampin: fili ne da aka keɓe aka yanka kashi-kashi, kowane iyali ya kama nasa ya kafa tanti, a yi tarayya a pampo da makewayi da wurin wanke-wanke. Zango ke nan, sai dai na kuɗi. Muka tsai da shawara a kan Faransa, maƙwabciyar Beljik, tun da harshe ba zai zame mana shamaki ba.

Al'adar tana da tarihinta a can. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar hutun mako biyu mai albashi ga ma'aikata, kuma Léo Lagrange, wanda aka ɗora wa sha'anin wasanni da hutu, ya samo musu ragin kashi 40 cikin 100 na kuɗin jirgin ƙasa. Leburan da bai taɓa ganin teku ba ya ɗauki iyalinsa ya tafi, kuma da yake ba shi da kuɗin otal, tanti ya zama masaukinsa. Hutun ya kai mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Faransa tana da irin waɗannan zanguna fiye da 7,000, babu ƙasar Turai da ta kai ta. Ana ba su taurari daga 1 zuwa 5. Tauraro na biyar a 2010 aka ƙaro shi, hukumar Atout France ce ke ba da matsayin, ana kuma sake dubawa bayan kowace shekara biyar. Taurarin suna ƙidaya kaya ne: faɗin filin kowane iyali, yawan makewayi, wurin iyo, harsunan da ma'aikata ke ji. Wannan ƙidaya tana da amfani, amma tambayoyin madugu ba su cikinta, sai mutum ya yi su da bakinsa.

Tambaya ta farko ita ce ta tudu da kwari. Mutumin Maraɗi bai buƙatar a yi masa dogon bayani, domin ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta rushe tsohon gari, aka koma bisa tudu. Masu zanguna a Turai suna son bakin kogi, saboda nan baƙi suka fi so, kuma an biya wannan da rayuka. Ranar 14 ga Yuli 1987, a Le Grand-Bornand cikin duwatsun Alp, ruwan sama mai ƙarfi ya cika wani rafi ya share zango, mutum 23 suka halaka. Ranar 7 ga Agusta 1996, a Biescas ta ƙasar Espanya, laka da duwatsu suka gangaro kan wani zango da aka gina a bakin kwazazzabo, mutum 87 suka rasu. Tun 1994 dokar Faransa ta wajabta wa zangon da ke wurin haɗari ya tanadi tsarin sanar da baƙi da faɗakar da su da kwashe su. An ga amfanin irin wannan shiri a Yulin 2022, lokacin da gobarar daji ta cinye zanguna biyar a gindin tulin rairayin Pilat: an riga an fitar da dubban mutane kafin wuta ta iso. Saboda haka duk inda na buga waya, abin da nake fara tambaya shi ne nisan filin da kogi, da hanyar fita, da wanda ke kwana yana tsaro da dare. Mai zangon da ya amsa ba tare da kwana-kwana ba, shi nake rubutawa a takardata.

Tambaya ta biyu ta auta ce, wadda a lokacin shekarunta huɗu. Ita ce mafi rauni a ayarinmu, da ƙafarta muka auna kome. Yaro ɗan shekara huɗu yakan farka tsakar dare yana son makewayi, don haka filinmu bai kamata ya yi nisa da shi ba, bai kuma kamata ya manne da shi ba, saboda hayaniya da wari. Motoci suna yawo tsakanin tantuna ko ana ajiye su a bakin ƙofa? Wurin iyo yana da shinge da mai tsaro? Akwai itatuwa? Tanti a rana tsaka a kudancin Faransa cikin Yuli tanda ne, ko ga wanda ya san zafin Afrilu a Tawa. Manyan biyu sun nace sai bakin tekun Atlantika. Na bayyana musu cewa a gaɓar kudu maso yamma akwai wasu ramuka da ruwa ke haƙawa cikin rairayi, Faransawa na ce musu bayin, masu kama da tafki mai kwanciyar hankali, alhali igiyarsu tana jan ƙwararren mai iyo zuwa tsakiyar teku. Ana wanka ne kawai tsakanin tutocin masu ceto, in an ɗaga jar tuta kuma an hana. Ga yaran da ba su ƙware da iyo ba, muka ce teku ta jira wata shekara.

Tambaya ta uku ta maƙwabta ce, kuma uwargida ce ta riƙe ta. Ina nuna mata hotunan wani zango mai taurari biyar, da wuraren sulu na ruwa da dandalin kiɗa, sai ta ce: "Malam, duk na gani. To ƙarfe nawa suke kashe kiɗan? Kuma ni da wace riga zan shiga ruwan?" Tambayoyi ne na gaskiya. Manyan zanguna suna shirya raye-raye har dare ya raba, ƙanana kuwa galibi suna hana hayaniya daga ƙarfe 10 ko 11. Wuraren iyo da yawa ba su yarda namiji ya shiga da gajeren wando mai faɗi, kuma rigar wanka mai rufe jikin mace ta jawo gardama a ƙasar, har ta kai gaban babbar kotun mulki a 2016 da 2022. Kowane zango yana da dokarsa ta cikin gida, gara a ji ta tun a waya da a ji ta a bakin ruwa gaban yara. Akwai ma zangunan masu zama tsirara, waɗanda ke bayyana kansu a fili, sai mai karatu da garaje ne zai faɗa musu. Batun abinci kuwa ya zo da sauƙi, tun da a zango kowa da tukunyarsa. Abin dubawa shi ne kusancin kasuwa da samun firigo na haya.

Sai zancen aljihu. Zanguna da yawa sun cika da ƙananan gidaje masu ƙafafu da ake kira mobil-hom, kuma mako ɗaya a cikinsu a bakin teku cikin Agusta yakan haura yuro 1,000, wato fiye da jika 650 na sefa. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki ya rufe ƙofa, ya koma benen da ya baro. Zangunan da ke hannun ma'aikatar magajin gari sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma harajin kwana da ake ƙarawa bai hau kan yaran da ba su kai shekara 18 ba.

Daga ƙarshe muka sauka a wani zangon magajin gari mai taurari biyu a jihar Ardèche, bisa tudu, tafiyar kwata ɗaya da ƙafa daga kogi, ƙarƙashin manyan itatuwa. Kwana goma muka yi. Babba ya zama mai ɗebo ruwa, ta tsakiya mai wanke kwanuka, a wurin wanke-wanken kuma ta yi ƙawa da wata yarinya ƴar Holan, ba mai jin harshen wata, amma kullum suna tare. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, saboda haka bayan magariba kaɗan sai barci, in ban da daren da muka fito da tabarma na nuna musu Kaza da Ƴaƴanta ba za ta fito ba sai goshin asuba, muka yi ta tatsuniya muna jira har barci ya kwashe su. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ji ƙanshin miyar kuka ya zo tambaya, uwargida ta aika auta da kwano, washegari kwanon ya dawo cike da tumatir na lambunsa. A nan ne auta ta koyi cewa ba a mai da kwano wayam.

Ranar da ta fi zama a zukatansu ita ce ta kogon Chauvet, kusa da Vallon-Pont-d'Arc. An gano shi a Disamba 1994, da zanen zakuna da karkanda da dawaki da suka kai shekara 36,000. Ainihin kogon a rufe yake don kada numfashin jama'a ya lalata zanen, kwatankwacinsa da aka buɗe a 2015 ake shiga. Da muka fito na ba su labarin raƙuman dawa na Dabous, arewa da Agadas, waɗanda aka sassaƙa a dutse, babban ya haura mita biyar. Babba ya ce: "Baba, ashe mu ma muna da namu?" Na ce muna da shi, kuma insha Allahu zai gani da idonsa.

Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba Ardèche za su ba. Amma malamai da shugabannin ƙungiyoyi suna fita da yara cikin hutun damina, wasu zuwa Madarumfa, wasu zuwa Kure ganin raƙuman dawa, wasu har ƙetaren iyaka. Wanda aka damƙa wa ƴaƴan mutane ya riga su zuwa wurin, ya duba ko yana kan hanyar kori, ya ɗanɗana ruwan rijiyar, ya gai da maigari, ya san nisan likita. Sa'an nan ya ɗauko sunayen yaran, ya nemo mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya tambayi kansa ko wannan yaro zai kwana lafiya a nan. In amsar ta kwanta masa a rai, a sauke kaya.