Audu Bako da Ruwan Tiga

Daga Rurum, a ƙasar Rano, tafiya kaɗan ce ta kai mutum bakin ruwan Tiga. Baƙo ya kan ɗauka tafki ne na tun fil azal. Dattawan yankin kuwa sun san lokacin da wurin yake gonaki da ƙauyuka, kafin a tare Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a tashi mazauna wurin.

Wanda ya ba da umarnin aikin shi ne Audu Bako, jami'in ɗan sanda da Janar Gowon ya naɗa gwamna sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Rabon farko na mulkinsa ya faɗa cikin yaƙin basasa, saura kuma cikin kuɗin mai da farin 1972 zuwa 1973. Ya ɗora sunansa a kan ruwa: Bagauda da farko, sannan Tiga, wadda ke ɗaukar kusan mita kubik biliyan 2. Daga nan babbar hanyar ruwa ta bi ta Ruwan Kanya ta gangara Kadawa da Kura. Shinkafar Kura da kwandunan tumatir na Kwanar Gafan duk jikokin wannan shawara ne.

Italiya ta yi shugaba mai irin wannan buri bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Alcide De Gasperi, firayim minista daga 1945 zuwa 1953, ya kafa asusun raya kudancin ƙasarsa a 1950, aka zuba kuɗi a madatsu da hanyoyi da noman ban-ruwa. Sai dai shi akwatin zaɓe na jiran sa. A 1953 bai samu rinjayen da ya nema ba, majalisa ta ƙi amincewa da sabuwar gwamnatinsa, ya sauka. Audu Bako bai taɓa neman ƙuri'ar kowa ba. Wannan ne ya ba shi saurin da Kanawa ke yabo har yau, shi ne kuma ya sa manomin da ruwa ya ci gonarsa ba shi da wakilin da zai kai wa kuka.

Hukuncin da ya same shi daga bariki ya fito. Juyin mulkin Yuli 1975 ya kawo Murtala Muhammad, Bakano, kuma binciken da ya sa aka yi ya kama gwamnoni 10 cikin 12 da laifin almundahana, har da Audu Bako. Ya rasu a 1980. Kano ba ta riƙe wannan hukunci ba: sakatariyar jiha, gidan zu da kwalejin noma ta Dambatta duk sunansa suke ɗauke da shi.

Binciken ya tsaya a kan dukiya, bai tambayi ruwa ba. Tare kogin ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina, inda masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama suke ci. A lokacin Haɗeja cikin Jihar Kano take, mutanenta talakawansa ne kamar na Kadawa. A 1991 aka yanke Jigawa, Haɗeja ta tafi da ita, madatsar ta zauna a Kano.