Araha Ba Ta Ado

Mai haɗa kwamfutar wasanni karon farko yakan zuba kuɗinsa kan katin girafik, ragowar canji kuma ya sayi na'urar rarraba wuta, wato PSU. Alhali ita ke sauya wutar bango zuwa volt 12, 5 da 3.3 da sauran sassan ke sha, kuma in ta ƙone tana iya tafiya da su.

Katin RTX 4060 wat 115 yake ja, amma Nvidia ta ba da shawarar wat 550 ga kwamfutar gaba ɗaya. Tambarin 80 Plus kuwa tsimin wuta yake nunawa, ba ƙarko ba. Inda lantarki ke hawa da sauka, gara ya nemi sanannen kamfani mai dogon garanti, ya haɗa da UPS.