Takardar Gona da Lambar Sirri

Rigimar gona a ƙasar Adar ba ta mutuwa, kwanciya take yi har sai dattawan da suka san iyaka sun kau. Tamu ta tashi bayan rasuwar mahaifinmu, a wani ƙauye na gundumar Illela. Takardar sayen gonar tana cikin adaka, amma gara ta riga mu, ta cinye daidai wurin sa hannun shaidu.

Abin da ya cece mu shi ne dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake ce wa Kofo. A tsarinsu ba a rubuta cinikin gona a ɓoye. Sai an yi shela, maƙwabta sun ji, mai ja ya ja, kuma takardar ba ta zama a hannu ɗaya. Kwafin mai gari muka samu, naɗe cikin leda, tawada ta koɗe amma tana karantuwa. Ya miƙa wa malamin makaranta ya karanta a gaban kowa. Kafin la'asar magana ta ƙare.

Daga baya na je wani ofis neman takardar haihuwar ƙanwata, inda aka ce an zuba rajistoci a kwamfuta. Ga ta kuwa bisa tebur, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura.

"Malam, sai haƙuri, mai lambar sirrin ya tafi taro Tawa."

Ranar da ya dawo, wuta ce babu.

Ba ƙin kwamfuta nake yi ba. Wanda gara ta taɓa yi wa ɓarna ba zai raina ta ba. Amma tun 23 ga Fabrairu 2011 Nijar take da dokar da ta ba ɗan ƙasa haƙƙin ganin takardun hukuma, kuma wannan haƙƙi ba ya aiki idan mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗi. Akwai ma abin da ya fi damuna: a takarda, in an kankare suna ko an sauya iyaka, tabo yana nunawa. A na'ura kuwa, sai in an tsara ta ta riƙa rubuta wanda ya taɓa, da ranar da ya taɓa.

Da takardar haihuwar ta fito, na tambayi ma'aikacin ofishin ina kwafi na biyu yake in wannan na'ura ta ƙone. Dariya ya yi, ya ce wannan tambayar ta manya ce.