Allurar Mama Da Haruffa 51

A shekarar da na shiga aji biyu ne likita ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe wa mahaifiyata ciwon suga, sai dai ta koma allurar insulin. Mama ta karɓi takarda ta yi godiya, muna isa gida ta cusa ta ƙarƙashin katifa. Kwana 10 ba ta sayi maganin ba. Ashe wata maƙwabciyarmu ce ta raɗa mata cewa daga jikin alade ake tatso shi, ita kuwa mace ce da ba ta wasa da salla, ta ce gara ta mutu da tsarkinta.

Ni ɗalibin Hausa ne, Hausar ma a Sabon Ibadan na tsince ta wajen 'yan goro kafin in zo in koye ta a aji. Ba abin da ya haɗa ni da kimiyya. Tsoro ne ya kai ni laburare.

Maƙwabciyar ba ƙarya ta shara ba, labarinta ne ya tsufa. Tun 1922 da aka fara yi wa mutum wannan allura a Toronto ta ƙasar Kanada, daga jikin shanu da aladu ake samo ta. Amma a 1982 Amurka ta amince da Humulin, wanda ƙwayoyin bakteriya ke sarrafawa bayan an dasa musu ƙwayar halittar ɗan Adam. Irin wannan likita ya rubuta wa Mama. Na yi mata bayani da Yarbanci har sau uku, duk da haka sai da limamin unguwarmu ya sa baki sannan ta yarda.

Da magana ta ƙare nan, amma karatun ya riga ya kama ni, domin na tarar furotin kamar kalma yake. Haruffansa iri 20 ne, ana ce musu amino asid, kuma insulin kalma ce mai haruffa 51 a layi biyu, ɗaya 21, ɗaya 30. Tsakanin na alade da na mutum harafi ɗaya tak ne bambanci. Wanda aka taɓa yi wa dariya a aji don ya ce baki yana nufin baƙi, ya san harafi ɗaya ba wasa ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne lispro, wanda ya fito a 1996. Insulin na mutum yakan dunƙule shida-shida a cikin kwalba, kuma sai dunƙulen ya warware a ƙarƙashin fata kafin ya shiga jini, shi ya sa ake allurar kamar minti 30 kafin cin abinci. Sai masana suka musanya wa haruffa biyu wuri a layi na biyun, na 28 ya koma 29, na 29 ya koma 28, kamar yadda kasa ke zama saka. Dunƙulen ya daina riƙewa da ƙarfi, maganin ya riƙa aiki da wuri. Ban da haka na gano dalilin da ba a haɗiyar insulin kamar fanadol, wato ciki bai san magani ba, narkar da shi zai yi kamar tsokar nama.

Waɗannan mintoci 30 su ne damuwarmu. Mama 'yar kasuwa ce, takan yi allura, mai saye ya zo, ciniki ya yi tsawo, abinci ya huce, sai ka ga hannunta na rawa gumi na zuba. Na tambayi kuɗin lispro a kantin magani, na yi godiya na fito, don ya fi ƙarfin aljihunmu. Sai na saya mata ƙaramin agogo mai ƙararrawa, na kuma roƙi ƙanwata ta riƙa ajiye mata sukari 'yan ƙwaya a bakin zane. In an ɗauke wuta, kwalbar takan kwana cikin leda a gindin randa.