Awarar Inna da ƙwayar safe

Ƴan uwa, a shekarar 2022 na yi wata gajiya wadda ban gane kanta ba. Ina koyar da karatun manya a wani ƙauye kusa da Shikal, cikin Kurfai. Ina rubutu a allo, barci na fizgata. Cikin watan Afrilu, da kowa ke neman inuwa, ni sanyi nake ji. Wasu suka ce sammu ne.

Daga Filinge aka tura ni Yamai, aka auna jinina. Lokotoro ya ce a gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama, sunansa tiroyid. Shi ne in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Nawa bai kumbura ba, ragwanci yake yi. Aka rubuta mini Levothyrox, ƙwaya ɗaya kowace safiya da ruwa, a jira rabin awa kafin a ci abinci.

Bayan wata 3 na koma, awon bai gyaru ba. Lokotoro ya ce: "Malam, da me kake karya kumallo?" Na ce da awara. Ya ce waken suya yana riƙe maganin a hanji, ba ya shiga jini duka. A bar awa 4 tsakaninsu. Haka madarar waken, da kunun da aka sa wa garinsa. Ƙosai kuwa na waken gida ne, ba shi ake nufi ba.

To, ga wuyar. Awarar nan Inna ce ke aiko mini, wata ɗalibata tsohuwa, da ita take ci da jikokinta. Tun ranar da ta rubuta sunanta, kullum sai jikarta ta kawo guda 4 da ɗuminsu. Yaya zan maida kyautar uwa? Mako guda ina karɓa ina ba yara a ɓoye. Wannan rashin gaskiya ne, na sani.

Da na faɗa mata, sai fuskarta ta sauya. Ta ce: "Malam, awarata ta sa maka ciwo? In gari ya ji, wa zai saya?"

Na ce: "A'a, Inna. Mai lafiya ya ci abinsa. Ni ma zan ci, lokaci kawai za a sake."

Washegari kwanon bai zo da safe ba. Sai da yamma yarinyar ta shigo da shi. A bisa murfin, da alli, Inna ta rubuta da hannunta: la'asar.