SHAYIN LA'ASAR A SAMAN MOTA

'Yar uwa, kafin ki yi nisa da karatun nan ina so ki tambayi kanki: yaushe rabonki da ki zauna ki sha shayi da zafinsa, tun daga kurɓar farko har ta ƙarshe, ba wanda ya ƙwala miki kira, ba ki miƙe kin duba tukunya ba? Ni dai shekarata goma sha huɗu da aure, 'ya'yana biyar, kullum ni ke ɗora ruwan zafi in haɗa wa kowa, amma nawa kofin sai ya huce ya kama yana a bakin tagar kicin, sannan in ɗaga shi a tsaye in shanye kamar magani. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da Allah Ya kai ni birnin Landan na hau wata jar mota mai bene.

Autarmu ce ke aure a can. Mijinta ma'aikacin jinya ne a wani asibiti, aikin dare ya fi yi. A shekarar 2023 ta yi haihuwar fari, ta samu ɗa namiji, Umma kuwa ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je in yi mata zaman jego. Ranar da zan tafi gidanmu ya cika da mata 'yan sallama, kowa sai cewa take, "Ai Auta ta huta, ta haye, ita da wahala sai dai ta ji a bakin wasu." Ni ma abin da ke raina ke nan, don hotunan da take turo mana kullum tana murmushi ne cikin rigar sanyi.

Na tarar da su a hawa na huɗu na wani dogon gini, ɗaki biyu da falo, maƙwabta kowa ƙofarsa a rufe. Tun daren da na sauka na ɗaura ɗamara. In dama kunun kanwa, in yi farfesu, in haɗa ruwan wanka, in wanke jariri, in yi wanki da guga, in share nan in goge can. Na lura Auta ba ta da yawan magana kamar da, wani lokaci sai in ga ta zuba wa bango ido, amma sai in ce a raina gajiyar jego ce, in ƙara mata kunu in koma kicin. Haka muka yi har aka yi arba'in.

Saura kwana shida in dawo gida sai mijinta ya shigo da fara'arsa ya ce, "Yaya, kin sha wahala da mu, ga shi ko gari ba ki gani ba. Na saya muku tikiti ke da ƙanwarki, jibi ina hutu, zan riƙe yaro ku je ku sha shayi a mota." Na ce, "Shayi kuma? Wanda ke cikin kwali a kicin ɗin nan?" Da na matsa aka gaya mini kuɗin mutum ɗaya, na lissafa da kuɗinmu, sai na ga ya kusa sayen buhun shinkafa. Na riƙe baki na ce wannan ai almubazzaranci ne, a karɓo kuɗin kawai. Ya ce ba a mayarwa. To, abin da ya riga ya zube ba ya kwasuwa, dole na shirya.

Kusa da tashar Biktoriya muka tarar da motar wajen ƙarfe uku na rana. Tsohuwar bas ce irin wadda ake kira Routemaster, ja wur da ita, injinta a gaba, ƙofarta da matakalar hawa sama a baya. Irin waɗannan motoci a 1956 suka fara ɗaukar fasinja a Landan, shekarar da Sarauniya Elizabet ta zo Najeriya har ta sauka Kaduna da Kano, wadda kakarmu ba ta gajiya da ba mu labarinta. An ƙera fiye da 2,800, suka yi ta aiki har ƙarshen 2005 da aka janye su daga jigilar yau da kullum. Maimakon a bar su su ruɓe, sai 'yan kasuwa suka sayi wasu suka gyara, suka kafa tebura a tsakanin kujeru, suka mayar da su wurin cin abinci mai tafiya.

Muka tattare hijabanmu muka hau matakalar nan mai ƙunci, aka nuna mana teburinmu a sama daura da taga. Kai jama'a, Bature da tsari! Kofunan shayin masu murfi ne, kuma an yi wa teburin ramuka daidai gindin kofi, don ko mota ta taka birki kada ya kife wa mutum a jiki. An riga an jera kayan ci: sanwici yanka sirara kamar yatsa, wani da kokwamba, wani da ƙwai, wani da kifi, ga kek ƙanana masu launi-launi da za ki iya jefa guda a baki gaba ɗaya. Da yake ana sa naman alade a wasu, tun wajen sayen tikiti mijin Auta ya faɗa musu mu Musulmi ne, saboda haka namu daban aka shirya, ma'aikaciyar ma sai da ta sake tabbatar mana. Duk wadda Allah Ya kai ta, wannan ne abu na farko da za ta kula da shi.

Aka tambaye ni wane shayi nake so. Na ce, shayi har iri-iri ne? Auta ta zaɓa mini wani mai suna Earl Grey, mai ƙamshin ɓawon wani irin lemo. Abin mamaki, mutanen da suka ɗauki shayi kamar abin gadonsu, ganyen daga Kenya da Indiya ake kawo musu mafi yawansa. Daga baya aka kawo wani ɗan curarren burodi da ɗuminsa, suna ce masa skon, ana tsaga shi biyu a shafa jam da wani kirim mai kauri kamar man shanun da bai narke ba. Har gardama ake yi a kansa: mutanen yankin Debon kirim suke fara shafawa, mutanen Konwal kuma jam. Na ce lallai ƙoshi ya yi, tunda har an samu lokacin wannan musu.

Asalin al'adar kuwa, wata mace ake dangantawa da ita, Anna, matar mai sarautar Bedfod, ƙawar Sarauniya Biktoriya, wajen 1840. A zamaninsu manyan gida ba sa cin abincin dare sai kusan ƙarfe takwas, ita kuma da la'asar sai yunwa ta kama ta, sai ta sa a riƙa kawo mata shayi da burodi da ɗan kek a ɗakinta. Da ta ji daɗin abin sai ta fara gayyatar ƙawayenta, daga nan ya bazu a gidajen masu hali har ya zama al'adar ƙasa. Wato tun tushensa zaman mata ne. Da na ji haka sai na tuna namu shayin: da safe a gurguje ake shan sa, da dare kuma teburin mai shayi na maza ne, su ke zama a benci su baje hira. Mu namu dafawa ne da wanke kofuna.

Mota ta tashi a hankali, muka bi ta gefen katangar lambun fadar Bakingham, muka zo majami'ar Westminista inda aka naɗa Sarki Charles a watan Mayun shekarar, ga ginin majalisa, ga dogon agogon nan da muke gani a talabijin. Ashe Big Ben ba sunan agogon ba ne, sunan ƙararrawar da ke ciki ne, mai nauyin fiye da tan 13, wadda ta fara bugawa a 1859. Ina ta kalle-kalle ina cewa, "Auta, dubi wancan! Auta, kin ga wannan?" Ita kuwa sai dai ta ce, "Na gani, Yaya."

Hali zanen dutse. Ina gama cin sanwici sai na tattara farantanmu, na yunƙura zan miƙe in kai wa yarinyar da ke hidima, don ni ban saba ina zaune wani yana kwashe mini kwano ba. Motar ta ɗan yi girgiza, saura kaɗan in faɗa kan wata tsohuwar Baturiya. Auta ta janyo hijabina ta ce, "Yaya, don Allah ki zauna. Tun da kika zo ban ga kin zauna ba." Na koma na zauna ina dariya, amma ita ba dariya take ba.

A kan gadar kogin Tems cunkoso ya tsayar da mu. Ba jaririn da zan ɗauka, ba tukunyar da zan duba, ba inda zan gudu, teburin nan kaɗai ne tsakanina da ita. A nan ne na dubi fuskar ƙanwata sosai, karo na farko cikin mako shida. Idanunta sun faɗa, kek ɗinta ko taɓawa ba ta yi ba, ta riƙe kofi da hannu biyu kamar mai jin sanyi alhali rana ake yi. Na ce, "Auta, lafiyarki kuwa?" Sai hawaye shar.

Ta ce, "Yaya, ba ni da lafiya. Tun ina da ciki nake kwana ina kuka. In ya tafi aiki sai in wuni in kwana ban yi magana da ɗan Adam ba. Da na haihu na ɗauka zai wuce, sai ya ƙaru. Ko yaron ya yi barci ni ba na iyawa. Wani lokaci in dube shi in ji kamar ba nawa ba, sai tsoro ya kama ni in ce wace irin uwa ce ni." Na ce, "Subhanallahi! Me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Sau nawa ina zuwa bakin kicin in tsaya, sai ki ce in je in kwanta kada iska ta shige ni. Kuma in ce me? Kowa a gida cewa yake na huta. In na yi ƙorafi a ce na butulce."

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan sanyi. Ni da nake rubuta littattafai a kan zuciyar mata, har masu karatu suna cewa na san ciwon 'ya mace, ga ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya tana nutsewa a gabana ban gani ba. Na yi mata komai, abu ɗaya ne ban yi ba, ban zauna ba. Na kama hannunta a kan teburin nan muka yi kukanmu a hankali. Yarinyar mai hidima ta zo ta ƙara mana ruwan zafi, ta ajiye takardar goge fuska, ta wuce ba ta ce uffan ba. Aka bi da mu dandalin Tirafalga da sauran wuraren da ake biyan kuɗi don a gani, ni dai ban san an wuce su ba. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, rabinta fuskar Auta na kalla.

Washegari na sa ta a gaba ta gaya wa mijinta, shi ma jikinsa ya yi sanyi, don yana can yana jinyar wasu bai san ta gidansa ba. Suka kira ma'aikaciyar lafiyar da ke zagaya masu jego a gida, ta haɗa ta da likita. Aka ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma a lissafin hukumar lafiyar ƙasar yana kama fiye da mace 1 cikin 10 a shekarar da suka haihu. Ba rashin godiyar Allah ba ne, ba rashin son ɗa ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana jin magani. Na ɗaga tafiyata da mako biyu. Guga ta taru, ban damu ba. Kullum bayan la'asar sai in dafa shayi in kawo falo, mu zauna ni da ita har kofi ya ƙare. Yau Auta ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, har ta yi ƙawaye a unguwarsu.

Ba ina cewa sai kin je Landan ko kin kashe kuɗin buhun shinkafa ba, 'yar uwa. Abin da kuɗin nan ya saya mana ba kek ba ne, kujera ce da ba damar tashi daga kanta. Mu mata mun iya hidima, har mun mayar da ita wurin ɓuya. Za ki je barka ki yi shara ki yi wanke-wanke, ki ce wa mai jego "Ya jiki?" kina tafiya, ta ce "Da sauƙi" kin riga kin kai ƙofa. Labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskar sai an tsaya ake ganinta. Kuma kada hoton murmushi ya ruɗe ki, ko daga wace ƙasa aka turo shi.

Tun da na dawo na kafa doka a gidana. In an yi la'asar, kafin a ɗora tukunyar dare, nakan shimfiɗa tabarma in kawo butar shayi da ko ƙuli-ƙuli ne, in kira babbar 'yata ko maƙwabciyata ko duk wadda ta shigo, mu zauna. Da farko maigida har tsokanata yake wai na dawo da al'adar Turawa. Na ce ya kira ta duk abin da ya ga dama. A zaman nan na ji abubuwan da shekara da shekaru ina gida ɗaya da masu su ban sani ba.

Ki gwada yau. Ki sauke tukunyar, tuwo ba zai gudu ba. Ki zuba kofi biyu, ki kira 'yar uwarki, ki tambaye ta lafiyarta, sannan ki yi shiru ki jira amsa. Allah Ya ba mu ikon kula da junanmu, amin.